Biyu da Uku, Ashirin da Uku

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, cikin dogon hutun da na gama aji uku na sakandare, na zaunar da ƙanwata Talatu a gaban tsohuwar kwamfutar Baba a gidanmu na Samaru, yayyafi na ta buga kwanon ɗaki. Tun da safe na gama wanke-wanke, na zuba wa kaji dusa, na ja ruwa a rijiya, duk a gurguje, don in nuna mata abin da na haɗa. Shafi ne mai akwati biyu da maɓalli ɗaya: a rubuta lamba a kowane akwati, a danna, ya ba da jimla. Dominta na yi shi, saboda lissafi na ba ta wuya a firamare har takan yi kuka ran Litinin. Ta sa ɗan yatsanta ta buga biyu, ta buga uku, ta danna. Kwamfuta ta ce 23.

Na ce mata kuskure ne, sai ta harare ni ta ce, "Yaya, ke kin fi kwamfuta sani ne?" Kafin la'asar ta kai labarin tsakar gida, yaran maƙwabta suka watsar da 'yar carafke suka zo kallo. Mama ta zube mata gyaɗa biyu da uku a faifai, Talatu ta ƙirga biyar, ta cinye, sannan ta ce ai lissafin gyaɗa daban, na kwamfuta daban. Kowa ya yi dariya ban da Baba, wanda malamin firamare ne. Ya ce in ban gyara ba kafin a koma makaranta zai kulle kwamfutar a akwati, don ba zai zura ido a rikita masa yarinya ba.

A hutun nan ina koyon JavaScript, yaren rubuta wa kwamfuta umarni, a wani ɗan shago a Sabon Gari, wajen Anti Nkechi, haifaffiyar Zariya da Hausa ta zauna a bakinta daram. Ran Litinin na shiga bas da zuciya a cunkushe, na same ta janareta na ruri, ƙamshin suyar doya na shigowa daga layi. Na nuna mata shafin, ba ta gyara mini komai a ciki ba. "Gwada ɗebewa," ta ce. Biyar a ɗebe uku, ta ba da biyu. Na gwada sau, shi ma daidai. Sannan ta bayyana mini cewa duk abin da aka buga a akwatin nan rubutu ne a wurin kwamfuta, ko da lamba ce, kuma alamar tarawa aiki biyu take yi: in ta ga lambobi ta tara, in ta ga rubutu ta liƙa su gefe da gefe. Sai in fara mai da kowannensu lamba da kalmar Number.

Na yi hakan, 23 ta sake fitowa. Anti ta tafi wajen masu hoton fasfo ta bar ni ina zufa. Na daɗe ina kallon layin umarnin da na rubuta kafin na lura na sa kalmar "Amsa" a gaba, kwamfuta kuwa daga hagu take farawa, sai ta liƙa biyu a jikin kalmar, ta liƙa uku a bayanta. Na rufe lambobin cikin baka biyu don ta fara tara su, na danna. Biyar ta fito. Har yau ina tuna sanyin da ya ratsa ni.

Da yamma Talatu ta gwada a gaban Baba, ta ɗan ɓata rai ta ce ashirin da uku ta fi yawa. Baba ya yi murmushi ya ɗauki rediyonsa ya fita. Sauran hutun a gaban shafin nan ta ƙare shi, tana faɗin amsa kafin ta danna don ta riga kwamfuta.

Yanzu wannan aikin nake ci da shi a wani ofis a Kaduna, kayan aikin da nake da su kuwa tun ban gama layi ba suke ja mini jan layi a ƙarƙashin kuskure. Shagon Anti ya koma na sayar da wayoyi, Talatu tana aikin jinya a wani asibiti nesa da mu, sai Kirsimeti muke haɗuwa. Aikin ya yi sauƙi ƙwarai, amma na fi jin daɗinsa lokacin da na san fuskar wadda nake yi dominta.