Takardar da Kawu Ya Ɓoye a Mota

Kawuna direban babbar mota ne, shekara talatin yana kan titi. Duk abin da yake ji da shi a motar yake ajiyewa: butarsa, rediyonsa, har da hoton aurensa. Da ya yi inshorar rayuwa ma, sai ya naɗe takardar a leda ya cusa ta ƙarƙashin kujerarsa.

Ya dawo gida yana hura hanci, ya samu matarsa tana shara.

Ya ce, "Duk wata zan riƙa ba kamfani ɗan wani abu. Ranar da ta Allah ta kasance, su za su ba ku abin riƙe gida, yara su ci gaba da makaranta."

Ta ce, "Allah ya ja kwana. To ina takardar?"

"Tana mota, inda ba mai taɓa ta."

Ta ajiye tsintsiya ta dube shi. "Maigida, in motar ce ta tafi da kai, takardar da ƙafarta za ta dawo gida?"

Kawu, da ba a kayar da shi a magana, washegari sai ga takardar ta koma ƙasan akwatin matarsa. Hoton auren kuwa ya bar shi a mota. Ya ce wannan tare za su tafi.