Kwalaben Inna da na zubar

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Hajo, amma sai a watan jiya na gane girman abin da na yi mata.

A Gummi, duk wanda haƙori ya hana sakat ƙofarta yake nufa. Takan turara kanumfari da wasu ganyaye biyu a tukunya, ta tare gumin murfin, ta kwashe ɗan man da ya taso sama ta zuba a kwalba. Ɗigo ɗaya take sawa a auduga, mutum ya cije.

Ni kuwa ma'aikacin lafiya ne a Anka, kuma a lokacin ji nake ilimin duniya a aljihuna yake. Shekarar da gubar dalma ta kashe yara a Dareta da Sunke, tsoro ya shige ni, na tsani duk wani magani da ba shi da takarda. Ana cikin haka aka kawo mana wani mutum da kumburarren muƙamuƙi, ya ce mako biyu yana fama da man Inna. Ranar Juma'a na hau babur sai Gummi. Na tattara kwalabenta na tuttule a kwata, a gaban maƙwabta. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "To, kai kas sani." Daga ranar ba ta sake ɗora tukunyar ba har ta koma ga Allah.

Watan jiya ɗiyata Asma'u, wadda ke karatun ƙwayoyin cuta a jami'a, ta nuna mini hoto a waya. Wani faifan gwaji ne da ta shuka ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori, ta ɗiga man kanumfari a tsakiya. Duk kewayen ɗigon fes yake, babu abin da ya tsiro. Ta ce man ba ya cike ramin haƙori, kumburi kuma na asibiti ne, nan ina da gaskiyata. Sannan ta tambaye ni, "Baba, Kaka da mi taka haɗa nata? Shi nika son in gwada."

Shekara talatin ina ganin tukunyar nan, ban taɓa leƙawa ba.

Na tafi Bukkuyum wurin Tumba, aminiyar Inna, wadda suke zuwa tsinko ganyen tare. Na tarar idonta ya tafi, sunayen ma sun ɓace mata. Abu ɗaya ta riƙe: "Ta so ta koya ma matarka, sai tac ce kar ranka shi ɓaci."

Me Inna za ta ce da ta ga hoton nan? Na san ta, ba za ta yi mini gori ba, tambaya za ta yi ko yarinyar ta ci abinci. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Mutanen Gummi suna yi mata addu'a har gobe, wannan ban iya zubarwa ba. Allah ya jiƙan ta. Asma'u kuwa ta ba ni takarda in rubuta mata abubuwa ukun. Na rubuta kanumfari, na miƙa mata da layi biyu babu komai, na ce ta zauna in gaya mata wanda ya jawo.