Yaya Zubaidatu da Ɗakin da Aka Yi wa Dariya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2006, ana shirin kiran sallar azahar, Allah ya karɓi ran yayata, Malama Zubaidatu Haladu, a gidanta da ke Gwarzo, bayan jinyar wata uku. Shekarunta hamsin da ɗaya. Da la'asar muka sallace ta, muka kai ta makwancinta.

Yaya, garin nan ya laƙaba miki Mai Tarkace, ba ki taɓa ɓata rai ba. Ni ƙaninki ne nake jin zafin sunan. Yau da ba kya nan, zan faɗi abin da ke cikin ɗakin da ake yi wa dariya.

A 1984, lokacin rage ma'aikata, ke ce mai buga tafireta a ofishinku. Aka miƙo miki jerin waɗanda za a sallama ki buga, sai ga sunanki na bakwai. Kin buga shi tsaf, babu kuskuren harafi ɗaya, kika rufe tafiretar, kika dawo gida a ƙafa. Innarmu ta taso daga Getso don ta rarrashe ki, ta tarar kina tankaɗe.

Bayan shekara biyu, wata malama 'yar Indiya da ke koyarwa a Kabo, wadda kike buga wa takardun jarrabawa, ta haɗa kayanta za ta koma gida domin albashi ya daina kai ta ƙarshen wata. Ta bar miki wata 'yar baƙar kwamfuta mai maɓallan roba, ba ta kai faranti girma ba, da littafinta. Kika jona ta da tsohuwar talabijin, in babu wuta ki koma batirin mota, kika koya wa kanki ita shafi bayan shafi. Daga baya kika ga irinta a gwanjo a Kano, kika lura maɓallan taki toka-toka ne masu haske, na waccan kuwa sun fi duhu. Ba ki huta ba sai da kika samo tsohuwar mujallar da ta tabbatar miki taki fitowar farko ce, irin wadda aka ƙera kaɗan kafin a sauya.

Tun daga nan kika shiga neman kwamfutoci 'yan fitowar farko. Kin san su ta launin tambari, da lambar da aka buga a ƙasansu, da fasalin allon ciki. A shekarun da gwangwanin madara ya gagari mai albashi, kike ɗinkin hula ki sayar, ki hau motar Kano ki bi rumfunan masu gyaran rediyo. Na taɓa raka ki har Zariya saboda guda ɗaya mai tambarin azurfa, muka tarar mai shagon ya ɗora fitilar kwano a kanta. Da na ce wahalar ta yi yawa, kika ce, "Mahbub, in ban ɗauke ta ba, wa zai san an taɓa yin ta?"

Masu dariya ba sa faɗar wannan: a kan waɗannan tsofaffin na'urori matan unguwa fiye da talatin suka koyi buga rubutu, kyauta. Uwaliya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, yau da aikin buga takardu take ciyar da su. Hajjo tana rubuta wa asibiti sunayen marasa lafiya. Su faɗi wanda ya koya musu.

Da Shari'a ta zo, wani ya kai tsegumi cewa kina tara matan aure kuna kallon fim. Wata Asabar da hantsi samari shida 'yan hisba suka yi sallama tare da mai unguwa, ina nan. Kika zura hijabi, kika buɗe ɗakin da kanki.

"Bismillah. Amma ku cire takalma, ƙura tana kashe su."

Kika sa kaset, kwamfutar ta fara ƙararta mai tsinin nan. Ɗaya ya ce, "Hajiya, wannan ai kiɗa ne."

"Yi haƙuri, ɗana, karatu take ɗauka."

Can sai ga lokutan salla na Gwarzo sun fito a fuskar talabijin, na shekara guda cif, lissafin da kika yi wata takwas kina tsarawa kina kai wa liman yana dubawa. Kika juyo kika ce, "Shari'ar nan tawa ce kamar yadda take taku. Wanda ya aiko ku, ku tambaye shi ina shaidunsa." Babbansu ya roƙi takarda da biro, ya durƙusa ya kwafe na watan. Bayan sati biyu matarsa ta zo koyon rubutu.

Ranar sadakar uku, tun ba a naɗe tabarmi ba, wani ɗan'uwa ya kawo mana ɗan gwangwan da sikelinsa, wai a rage wa gida shara. To, a ji da kyau. Kwamfutoci ashirin da uku ne a ɗakin nan, ko ƙusa ɗaya ba za a ɗora a sikeli ba. Innarmu da maigidanta Alhaji Badaruddeen da 'ya'yanta, Ikilima da Muhammad Nur, sun yafe rabonsu a gaban shaidu, sun mayar da ɗakin wakafi. Uwaliya ce ke riƙe da makulli, kuma Asabar mai zuwa za a ci gaba da darasi. Mai son dariya ya zo ya yi a bakin ƙofa, ba za mu rufe ba.

Yaya, maganarki ta ƙarshe da ni ita ce kada in bari damina ta sami kwamfutocin a ƙasa. Kafinta ya kafa katakai jiya, na jera su da hannuna.

Ya Allah, ka gafarta wa baiwarka Zubaidatu, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sanya ilimin da ta bayar ya riƙa isa gare ta har ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhaji Badaruddeen, da Ikilima, da Muhammad Nur, da Innarmu Hajaratu da ta ga wannan rana da tsufanta, da dukan ɗalibanta mata. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.

Mahbub Haladu Getso