Teburin da Aka Shirya a Lungun Shantou

Jama'a, abin da zan ba ku labari ya faru da ni ne a shekarar 2013, bayan ƙaramar Sallah da kamar sati biyu, kuma Allah shi ne shaidata ban ƙara komai a kai ba. A lokacin ina zaune a Lyon, ina tsaron wani kanti a unguwar Guillotière inda muke sayar da kayan waya da kayan wasan yara. Mai kantin, Alhaji Sani, mutumin Maradi ne, yana zaune a Paris inda yake da babban kantinsa a unguwar Barbès. Duk shekara shi kaɗai yake zuwa China sayen kaya, amma a waccan shekarar gwiwa ta matsa masa, sai ya ce in raka shi in riƙa ɗaukar masa jaka.

Abu ɗaya ya sa na yi jinkirin amsawa. Takardar zamana ta Faransa saura kwana goma sha biyu ta ƙare, tafiyar kuma ta kwana goma ce. Duk wanda ya san zaman Turai ya san abin da nake nufi: idan takardarka ta mutu kana waje, ko jirgi ba za a bar ka ka hau ba. Ga matata da ciki wata takwas, ba ta da kowa a Lyon sai ni. Da na gaya wa Alhaji sai ya yi dariya ya ce, "Rarar kwana biyu? Ai kai mai arziki ne, ɗan Damagaram. Ni na taɓa shigowa saura awa shida." Haka dai na yarda muka tafi.

Mun fara sauka a Guangzhou, inda zafi yake da ɗanshi, kana fitowa daga wanka rigarka ta sake manne maka. Akwai unguwar da za ka ji Hausa ta kowane gefe kamar kana kasuwar gida. Daga nan muka je Shenzhen, garin benaye na gilashi, muka shiga wata kasuwar kayan waya mai hawa-hawa wadda na tabbata mutum zai iya wuni a ciki bai ga rana ba. A Zhuhai muka huta yini ɗaya, na zauna a bakin teku ina kallon tsofaffi suna motsa jiki a hankali kamar masu iyo a cikin iska, ga Macau can tsallaken ruwa. Shantou ce zangonmu na ƙarshe, saboda masana'antun kayan wasan yara a kusa da ita suke. Ita ce ta fi kwanta mini a rai: tsofaffin gidaje masu baranda, fenti duk ya ɓare, jiragen masunta a jere a gaɓa, kuma duk ƙofar da ka wuce akwai mutum zaune yana zuba shayi a 'yan kofuna uku ƙanana, har ya tuna mini da masu shayin gida.

Abinci kuwa da ido na ci yawancinsa. Za ka ga kaguwa da jatan lande suna yawo da ransu a cikin akwatunan gilashi, ka nuna wanda kake so a dafa maka. Ga kunun shinkafa da kifi, ga dinya gasasshiya a rataye tana sheƙi, ga 'yan kwanduna suna tururi. Amma tsoron man alade ya hana ni sakewa, don tafintanmu, wani Musulmin China da muke kira Malam Ma, ya ce har ganye da shi suke soyawa. A Guangzhou akwai masu taliya Musulmi, a can muke ci. A Shantou ba mu samu ba, na yi kwana biyu daga burodi sai ayaba sai ɗan dabinon da na taho da shi daga Lyon a aljihu.

Ranar da za mu koma, motarmu za ta tashi ƙarfe huɗu na yamma zuwa Guangzhou, jirginmu kuma washegari da sassafe. Bayan mun yi Azahar, wajen ƙarfe ɗaya, Alhaji ya zauna a wani shagon shayi ya miƙe ƙafa shi da Malam Ma, ni kuma na ce bari in bi lungun da ke gefen shagon in ga teku sau ɗaya kafin mu tafi. Alhaji ya ce, "Teku ko tukunyar mutane? Ka yi hankali, cikin nan naka ba shi da fasfo." Na yi dariya na wuce.

Ban yi nisa ba sai ga wani dogon teburi a ƙarƙashin rumfa, an jera masa kujeru kamar ashirin. A kai akwai kifi dafaffe ɗungurungum, da kwanonin shinkafa fara, da lemu an tara shi, da kofunan shayi a gaban kowace kujera. Na duba da kyau, ban ga nama ba. An kuma kunna turaren tsinke da yawa, na ɗauka don korar ƙuda ne. Kun san yadda muke a gida: idan ka ga an fito da abinci ƙofar gida an yi shimfiɗa, sadaka ce, mai wucewa ya zauna ya ci ya yi addu'a ya tafi, kuma ba a tambaya. Ko a Lyon haka masallacinmu yake yi da azumi. Abin da ya zo mini ke nan.

Mutum ɗaya ne zaune a can ƙarshen teburin, wani tsoho siriri, rigarsa a jiƙe, na ce masunci ne ya fito daga ruwa. Ya dube ni, ya miƙa tafin hannunsa wajen kujerar da ke kusa da ni. Ko ba ka jin yaren mutum ka san bismillah idan an yi maka. Na gaishe shi da kai, na zauna, na yi bismillah na sa hannu. Shinkafar ta yi sanyi, kifin kuma babu ɗanɗanon komai sai gishiri, amma yunwa ta sa na ci rabin kwano, na ɓare lemu ɗaya, na yi wa masu sadakar addu'a, na tashi na ci gaba wajen teku.

Na yi tafiyar kamar minti biyar, na sha kwana ta dama, sai ga ni a gaban teburin. Na ce kai, lungunan nan kama suke yi da juna. Na juya na bi hanyar da na shigo don in koma wajen su Alhaji. Na wuce wata jar ƙofa, na wuce wani keke a jingine, na sha kwana, sai ga teburin kuma. Wannan karon mutum huɗu ne zaune, duk a jiƙe, ruwa na ɗiga daga bakin wandunansu, kawunansu a sunkuye. Kwanon da na bari rabi kuwa an cika shi, an kuma jawo kujerata baya kaɗan, kamar yadda ake yi wa wanda ya tashi zai dawo.

Na ciro waya, babu layi ko ɗigo. Agogona ya ce biyu da kwata. Na zaɓi wata hanya ta hagu wadda ban bi ba, ina ƙirga takuna don in tabbatar wa kaina ban ruɗe ba: taku ɗari biyu da goma, jar ƙofa, keke, teburi. Na sake, wannan karon hannuna na kan bango ban ɗaga ba, na ce ai bango dole ya fitar da ni wani wuri. Ya mayar da ni teburin. Wallahi rana tsaka ce, ina ganin inuwata, ina jin hon ɗin motoci kusa-kusa kamar a bayan katanga ɗaya, amma babu hanyar zuwa gare su. Na buga ƙofofi, babu wanda ya buɗe. Na kira sunan Alhaji har muryata ta dushe.

Duk dawowar da zan yi kujerun sun ƙara cika. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shirun wurin. Mutum goma sha wani abu suna cin abinci amma ba ka jin ƙarar kwano, ba ka jin tauna, sai ɗigar ruwa da warin teku. Ba wanda ya dube ni sai tsohon nan, kuma kullum abu ɗaya yake yi, ya miƙa tafin hannu wajen kujerata. Ƙarfe uku ta yi, kujera ɗaya ce ta rage babu kowa. Ƙafafuna sun gaji, kuma, Allah ya kiyaye, sai na ji zuciyata tana raya mini in zauna in huta kaɗan. Tunanin matata ne ya tsayar da ni. Na gan ta a ɗakinmu ita kaɗai ranar haihuwa, tana kiran waya ba ta shiga. Na jingina da bango na fara Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ina maimaitawa, hawaye na zuba.

Ina cikin haka sai jar ƙofar nan ta buɗe, wata tsohuwa ta fito da kwandon takardu masu ruwan zinariya. Ita dai a bushe take, takalminta kuma yana ƙara a ƙasa. Ta dube ni, ta dubi ɓawon lemun da na bari a kan teburin, sai ta saki kwandon ta fara faɗa da yarensu tana nuna bakina. Ta zaro turaren tsinke uku ta cusa mini a hannu, ta nuna mini in sunkuya wa teburin. Na gane abin da take so, na kuma san taimakona take yi, amma na girgiza kai na ce da Hausa, "Inna, ki yi haƙuri, wannan ba zan iya ba." Ta buga ƙafa, ta sake nuna mini, na sake ƙi. Muka tsaya muna kallon juna, agogo na tafiya.

Sai na tuna abin da mahaifiyata take yi idan maƙwabta sun aiko mana da abinci: ba ta taɓa mayar da kwano babu komai a ciki. Na sa hannu a aljihu na kwaso dabinon da ya rage, guda bakwai ne, na zuba a gefen kwanon, na ce a fili, "Na ci abincinku ban sani ba, ga madadinsa. Ni baƙo ne, iyalina na jirana." Tsohuwar ta dubi dabinon. Can sai ta ɗauki kwanon ta kife shi, ta tura kujerar ƙarƙashin teburin, ta kama hannun rigata ta ja ni, tana yi mini alama kada in waiwaya. Ban waiwaya ba. Taku ashirin da bakwai muka yi, na ƙirga, sai ga ni a bakin titi a gaban shagon shayi.

Alhaji na tsaye da jakunkuna, ya jiƙe da zufa. "Kai wane irin mutum ne? Huɗu saura kwata! Ina ka shiga?" Na nuna masa lungun. Ya ce, "Ƙarya kake yi. Sau huɗu na bi lungun nan da wannan gwiwar tawa. Miƙaƙƙe ne, ba shi da kwana ko ɗaya, daga nan ma kana hango ruwa." Na leƙa, haka ne kuwa. Ga teku can a ƙarshensa, ga teburin a tsakiya, kujeru duk babu kowa.

Da ƙyar muka sami motar, direba har ya tayar da inji. A hanya Malam Ma ya saurare ni har na gama. Daga baya ya ce a wannan watan mutanen yankin suke fitar da abinci don matattun da ba su da mai tunawa da su, kuma a unguwar masunta, don waɗanda teku ya ci ba a sami gawarsu ba. Na ce to tsohon da ya yi mini bismillah fa? Ya ce, "Malam, babu ɗan garin nan da zai zauna a kujerun can, ko mahaukaci." Alhaji kuwa ya ciro carbi, shi ya yi ta ja har Guangzhou.

Na sauka a Paris takardata saura kwana biyu, na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, bayan sati uku matata ta haifi 'yarmu lafiya ina tsaye a bakin ƙofa. Na tambayi limaminmu game da dabinon, ya ce tunda niyyata biyan abin da na ci ne, in yi istigfari in bar maganar.

Na so in bar ta. Amma bayan kamar wata biyu na je Paris kai wa Alhaji saƙo, na shiga wani ɗan gidan abinci kusa da Barbès ni kaɗai, sai mai hidima ta kawo faranti biyu da kofi biyu. Na ce mata ni ɗaya ne. Ta dubi bayana, ta dubi ƙofa, ta ce, "Pardon, yi haƙuri, na ɗauka tare kuke da tsohon." Da ta ɗauke farantin sai ta dawo da tsumma ta goge kujerar da ke gabana, tana mitar wa ya zubar da ruwa a nan. Sau uku irin wannan ta faru da ni cikin shekarun nan, sau biyu a Lyon.

Ban san mene ne ba, ba kuma zan yi muku ƙaryar na sani ba. Abin da zan ce kawai, 'yan'uwa matafiya, ƙasar mutane ba gida ba ce. Duk yunwar da kuke ji, idan kun ga abinci a shirye babu mai shi a kusa, ku nemi mutumin da za ku iya taɓawa da hannu ku tambaye shi don wa aka ajiye. Kuma ku riƙe addu'ar fita daga gida. Allah ya tsare mu.