Ku raka min Malam Isiyaku

Wayyo Allah. Da safen nan ina cikin soya ƙosai aka bugo min waya, wai Malam Isiyaku ya rasu da asuba a gidansa na Tudun Wada. Sai da kaskon ya ƙone ban sani ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne shugaban masu gyaran inji a kamfanin robar da na yi aiki. Ni Rifkatu, a sashen ɗaure kaya nake. Ba sashenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba, amma "ƙanwata" yake ce min.

Lokacin da sabbin masu kamfani suka zo suka fara rage ma'aikata, wurin nan ya lalace. Hira ta mutu a wurin cin abinci. Kowa na kallon kowa, ana raɗa waye na gaba. Abin da ya fi ciwo kuwa shi ne yadda ake fitar da mutum. Ka fito daga ofishin manaja, masu gadi su sa ka gaba har bakin get kamar ka yi sata, abokan aikinka kowa ya sunkuyar da kai.

Malam Isiyaku ne ya ce wannan kam ba da shi ba.

Duk wanda aka sallama, sai ya goge hannunsa da tsumma, ya karɓi kwalin kayan mutum ya saɓa a kafaɗa, ya jera da shi yana jan sa da hira. Ba a get yake tsayawa ba, har bakin titi, sai ya ga ka shiga keke. Manaja ya yi masa magana, Malam ya ce, "Oga, baƙo ma ana raka shi, balle wanda muka ci gumi tare."

Ranar da abin ya zo kaina, na fito daga ofishin manaja da kwalina. Ba rashin aikin ne ya fi damuna a lokacin ba, kunyar tsakar filin nan ce da zan ratsa kowa na kallo. Sai na ji muryarsa a bayana.

"Ƙanwata, ɗaga kanki. Kin saci wani abu ne?"

Na ce a'a.

"To mu je. Kai, wannan kwalin naki, dutsen niƙa kika ɓoye a ciki?"

Na fashe da dariya ga hawaye. Da dariyar na fita get ɗin, jama'a, kuma ita ta riƙe ni har na kafa teburin ƙosaina a Trikania.

Ganina da shi na ƙarshe, ya biyo ta wurina ya rame sosai. A nan na ji ashe shi ma an sallame shi tuni. Na ce, "Malam, wa ya raka ka?"

Ya yi murmushi ya ce, "Haba ƙanwata, ai na san hanya. Wa ya kai ni saninta?"

Ashe shi kaɗai ya ɗauki kwalinsa. Waɗanda suka rage tsoro ya hana su tashi. Raina ya ɓaci, na fara faɗa, ya ce in bar su, kowa da yaran da yake ciyarwa. Ya sayi ƙosai, ya ƙi yarda in ba shi kyauta, ya yi min tsiya wai yajina ba ya da zafi.

Na gode, Malam. Na gode da ka mayar min da mutuncina a ranar da na ɗauka ya tafi.

Za a yi jana'izarsa yau bayan sallar Azahar a ƙofar gidansa. Ni mace ce, iyakata cikin gida wurin iyalinsa. Don haka ku mazan da ya taɓa ɗaukar muku kwali, na Gonin Gora, na Makera, Musulmi da Kirista, har da ku da kuke cikin kamfanin har yanzu, don Allah ku ajiye abin da kuke yi ku fito. Kada ku tsaya a hanya. Ku raka min shi har inda za a kwantar da shi.

Allah ya jiƙansa, ya ba shi hutu, ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri. Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a.