Inda Goggo Take Katse Ni

Littattafai uku na karanta a bana da suka tsaya mini a rai, amma duk wanda ya tambaye ni ko suna da kyau sai in ce masa ya dakata tukuna. Ban saba yanke wa littafi hukunci ni kaɗai ba. Goggo ce mai yankewa, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni a Unguwar Gai, wadda ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba. Ni nake karantawa, ita tana saurare. Matsalar ita ce tun bara kunnenta ya fara nauyi.

Abin ya samo asali ne lokacin da nake sakandare a Rano. Akwai wani shago kusa da tasha inda ake ba da hayar littattafan Hausa, duk sanda zan koma gida sai in biya in ɗauki ɗaya in cusa a jaka. Bayan la'asar Goggo takan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ta jawo kwandon gyaɗa. Gyaɗar iri ba ta yarda a kai ta inji, ta ce yana fasa ƙwayar, don haka da hannu take ɓare ta duk bazara. Da farko korata take yi, wai na zauna ina karatun ƙarya alhali ga aiki. Rannan na ɗaga murya da gangan. Ban gama shafi biyu ba ta ce, "Dakata. Wannan yarinyar 'yar gidan wa ce?"

Daga ranar ban sake karanta shafi ɗaya lafiya ba. Goggo ba ta iya sauraren labari da baki a rufe. In saurayi ya shiga gidan surukai bai durƙusa ba, sai ta tsayar da ni ta yi masa faɗa tas, ta haɗa da uwar da ta haife shi. In marubuciya ta cika mana kunne da gidan bene da motoci da kaji, sai ta tambayi wanda yake yi musu wanke-wanke, tunda ba a ambace shi ba. Akwai littafin da ta sa na mayar tun ban kai rabi ba, saboda an yi wata guda a cikinsa babu wanda ya leƙa gona ko kasuwa, ta ce mutanen nan aljanu ne. Haushi nake ji sosai a lokacin. Ina tsakiyar wurin da ya fi daɗi za ta katse ni, in yi ta kumbure-kumbure, ita kuwa ko a jikinta.

A hankali na gane ma'auninta. In littafi na banza ne, bakinta yana faɗa hannunta yana aiki, ɓawon gyaɗa yana ta ƙas-ƙas. In ya kai littafi, sai hannun ya tsaya cak a cikin kwando. Ba ta taɓa cewa wannan ya yi kyau ba, ni ce nake satar kallon hannun.

Aure da aiki suka kai ni Kaduna. Har yanzu ina karatu, yawanci a waya, amma muryarta tana nan a kaina, tana katse ni. Da wannan muryar na zaɓi ukun nan. Na farko labarin wata bazawara ce mai yin ƙuli-ƙuli da ta ƙi barin ɗakin mijinta bayan takaba, ba don dukiya ba, don dai ta saba da ƙofar. Abin da ya burge ni shi ne marubuciyar ta san yadda ake matse mai, ta san hannu yana ciwo. Na biyu direba ne da ya daɗe a kudu, ya dawo garinsu ya tarar yara suna yi masa kwatancen gidan ubansa. Wannan na ba maigidana, ya karanta, sai ga shi ya shirya ya tafi ganin gida.

Na ukun shi ne ya hana ni sukuni. Wa da ƙani ne aka raba musu gonar gado, sai bishiyar ɗorawa ta faɗo daidai kan iyaka. Babu mugu a cikinsu, kowa yana da gaskiyarsa, amma a kan bishiyar nan suka daina gaisawa. Mutanen littafin suna cin abinci, suna gajiya, suna jin kunyar juna, kuma an faɗi mai wanke-wanken. Ina karantawa ina jin wuraren da Goggo za ta ce dakata. Na yi kewarta ƙwarai. Na sa aka nemo mini na takarda, domin ba zan zauna gabanta ina latsa waya ba.

Waya kuwa ta riga ta daina yi mana amfani. In na kira, ni ina ihu a nan, ita tana can tana amsa gaisuwar da ban yi ba. Ɗanta, wanda nake kira Yaya, ya gaya mini cewa rediyonta ma ta ba jikoki, kuma in ina da abin da nake so ta ji, gara in zo. Na ɗauki hutu cikin bazara na kamo hanya. Daga Kano na shiga motar Rano, littafin yana kan cinyata. Shagon hayar nan yanzu cajin waya ake yi a ciki. Daga Rano na hau motar Kibiya, daga can babur ya ƙarasa da ni.

Na same ta inda na bar ta, ƙarƙashin darbejiya, da kwandon gyaɗar iri. Ta rame, amma idonta garau. Ta kama hannuna ta yi mini tsiya, wai birni ya sa na yi ƙiba kamar matar ɗan kasuwa. Bayan na ci abinci na yi sallah, na fito da littafin. Tana ganinsa ta yi dariya, ta matsa mini wuri a tabarma.

Yaya ya ce kunnen dama ya fi dama-dama. Na kai bakina dab da shi na gaya mata labarin a taƙaice, da ƙarfi, har kaji suka watse. Wa da ƙani, gona, iyaka. Ta yi ta kallona. Da na ce ɗorawa sai fuskarta ta buɗe, wannan kam ta ji. Na maimaita sauran ina nuna mata da hannu, yatsu biyu, layi a ƙasa, bishiya a tsakiya.

"Maza ne suke faɗan?" ta tambaya.

Na ɗaga kai.

"To matansu fa? Ai su ne masu kalwa. Za su raba abinsu a ɓoye su yi daddawarsu, mazan suna can suna hura hanci."

Abin da ya faru ke nan a rabin ƙarshe na littafin. Marubuciyar ta yi shafuka da yawa kafin ta kai can, Goggo ta isa da kalma ɗaya da ta shiga kunnenta. Na yi dariya har hawaye ya fito mini, na yi ta ɗaga mata kai.

"To karanta mana," in ji ta.

Na buɗe shafin farko na fara, da murya mai ƙarfi yadda zan iya. Hannunta yana cikin kwando yana aiki. Na wuce rabon gadon. Na zo inda ƙanin ya wuce wansa a hanyar masallaci bai ce masa uffan ba. Tun a Kaduna na san nan ne za ta wanke shi tas, har na tanadi dariyata. Na tsaya na ba ta wuri, kamar yadda na saba.

Babu abin da na ji sai ƙas-ƙas ɗin gyaɗa. Can ta lura bakina ya daina motsi, ta ɗago.

"Har ya ƙare?"

Na girgiza kai.

"To ci gaba, 'yar nan. Ina kallonki."

Na ci gaba. Na yi ta karantawa har aka kira magariba, babu wanda ya katse ni ko sau ɗaya.