Bindigar Bahago

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi ina karatu a Dubai, kuma yawancinsu sun bi iska. Amma ranar da na je zaɓen bindiga tare da kawuna, wannan kam ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Kada hankalin mai karatu ya tashi, ba ɗan fashi ba ne yake ba da labari. Bindigar wasa nake nufi, ƙaramar bindigar hannu mai aiki da iska, wadda ake harbin takarda da ita a gasa. A Dubai ba wanda zai bar ɗalibi baƙo ya kai bindiga gida. Ko ka saya da kuɗinka, kulob ne zai yi maka takardu, kuma a akwatin kulob za ta riƙa kwana.

A shekarar 2012 ne, ina aji biyu a jami'a, ina zaune da kawuna, ƙanen mahaifiyata, a wani gida a Hor Al Anz da muke haya tare da wasu 'yan kasuwar Kano. Kawu harkar kago yake yi, yana tara kayan mutane yana tura musu gida. Mutum ne mai kirki da yawan kyauta, sai dai in ya kafe a kan magana, to ka nemi wuri ka zauna kawai. Wata rana makaranta ta kwashe mu zuwa wani kulob ɗin harbi a wajen Jebel Ali don mu ga wasannin da ake yi. Na shiga da niyyar kallo, na fito abin ya shiga raina. Ni mutum ne mai garaje tun ina ƙarami, sai ga wasan da ba ya son komai sai natsuwa: ka tsaya, ka ɗaga hannu ɗaya, ka riƙe numfashi, ka nemi wani ɗigo da bai fi maɓallin riga ba daga nisan mita goma.

Ba sha'awa kaɗai ta riƙe ni ba. Makarantarmu tana rage wa duk wanda ya shiga tawagar wasanni wani kaso na kuɗin karatu, kuma a shekarar ne mahaifina ya yi ritaya. Bai taɓa cewa ya gaza ba, amma ina jin nauyin abin a muryarsa duk lokacin da muka yi waya. Mutum biyar za a ɗauka a tawagar harbi, mu kuma masu nema mun haura goma. Bindigogin aro na kulob sun sha hannu, yau a ba ka wannan gobe waccan, don haka duk mai son a ɗauke shi da gaske sai ya nemi tasa. Wata bakwai na yi ina taya kawu ɗaure kwalaye a ƙarshen mako, ina cin burodi da shayin karak a madadin abincin rana, har na tara ɗan abin da na tara. Sau ɗaya kuɗin za su iya saye. In na zaɓi wadda ba ta dace da ni ba, shi ke nan, na rasa kuɗin na rasa gurbin.

Sabuwa dai ko kusa da ita ban isa ba. Sai na koma kan na hannu, waɗanda 'yan kulob ke sa wa a kasuwa in za su canza ko za su bar ƙasar. Guda biyu ne a lokacin. Ta farko baƙa ce mai ratsin shuɗi, ba ta fi shekara a hannun mai ita ba, ga ƙyalli, ga kyau. Na yi wata guda ina zagaya ta da ido, alhali kuɗina ko rabinta bai kai sosai ba. Ta biyun tsohuwa ce, fentinta ya koɗe, kuma farashinta daidai da aljihuna, har da ɗan canji na sayen harsasan dalma. Dalilin arahar kuwa shi ne mariƙinta. Irin waɗannan bindigogi ana sassaƙa musu mariƙin katako daidai da tafin hannu, da wurin kwantar da babban yatsa, ita kuwa wannan an sassaƙa ta ne don hannun hagu. Ta daɗe a ajiye ba mai tayawa, ni ma ko kallo na biyu ban yi mata ba.

A kulob ɗin akwai wani dattijo mutumin Filato, Kirista, wanda ke gyara bindigogi da cika musu iska. Ya yi aikin ɗakin makamai a gida kafin ya zo Dubai. Ranar da ya fara jin na amsa waya da Hausa, dariya ya yi har da riƙe ciki, tun daga nan nake kiransa Baba. Ba ya koyarwa, wannan aikin koci ne, amma idonsa ba ya barin komai ya wuce. Ana saura mako uku a yi gwajin zaɓe, ya same ni ina duba takardata, harbina ya warwatsu kamar an watsa wa kaji tsaba.

"Ɗana, zo nan," ya ce. "Haɗa hannayenka biyu ka bar 'yar kafa a tsakiya. Yauwa. Leƙa agogon bangon can ta ciki. To, rufe idon dama."

Na rufe, agogo yana nan.

"Buɗe. Yanzu rufe na hagu."

Agogo ya ɓace. Baba ya gyaɗa kai, ya ce, "Dama na sani. Wata da watanni ina kallonka. Kwalbar ruwa da hagu kake buɗewa, harsashi in ya faɗi da hagu kake tsinta. Sai an zo harbi ka miƙa wa dama aiki. Kai bahago ne, wa ya juya ka?"

Kunya ta rufe ni, kamar ya kama ni da abin sata. Gaskiya ya faɗa. Da hagu na fara komai a duniya, kuma a gidanmu ba a ɗauki wannan da wasa ba. Hagu hannun tsarki ne, ba a ci da shi, ba a miƙa wa babba abu da shi. Mahaifiyata ta yi ta fama da ni, in na kai hagu kwano ta buge, in na ɗauki fensir ta mayar da shi dama, har akwai lokacin da take sa mini safa a hannun in za a ci abinci. Ba mugunta ba ce, tsoro take kada a yi wa ɗanta dariya a cikin mutane. Ta yi nasara kuwa, don kafin in gama firamare na iya rubutu da ci da dama, har ni kaina na manta. Na ce wa Baba ai wannan tsohon zance ne. Ya ce, "Kai ka manta, hannun bai manta ba."

Ranar Asabar da zan yanke shawara, kawu ya ce zai raka ni, don a ganinsa ba a barin yaro ya yi ciniki shi kaɗai. Muka isa da hantsi. Aka fito da bindigogin biyu aka shimfiɗa a kan tebur. Kawu bai san komai game da bindiga ba, amma ya san kaya, nan take ya nuna baƙar ya ce wannan ce. Da Baba ya yi masa bayanin tsohuwar da dalilin da ya sa yake ganin ita ta dace da ni, sai na ga fuskar kawu ta canza.

"Hagu?" ya ce. "A'a, malam. Yayata ta sha wahala kafin ta raba yaron nan da hannun nan. Ba a wurina zai koma ba." Ya juyo gare ni. "Nawa ya rage maka a kan baƙar? Ni zan cika. Kyauta, ba rance ba. Khalas, magana ta ƙare, a rubuta takarda."

Wallahi raina ya biya. Abin da na yi wata guda ina mafarki ga shi an miƙo mini, kuma daga hannun mutumin da nake ci nake sha a gidansa. Wa zai ce wa kawunsa a'a a gaban baƙo, a kan alheri kuma? Na buɗe baki zan yi godiya, sai Baba ya riga ni.

"Alhaji, ka yi haƙuri, shwaiya, a bi a hankali. Kai ɗan kasuwa ne, na san ba ka sayen kaya sai an buɗe kwali. Bari ya harba biyar da wannan, biyar da waccan. Takarda ba ta san kowa ba."

Kawu ya ce, "To, yalla, mu gani."

Na fara da baƙar, a hannun dama. Kyakkyawar bindiga ce, ba na musu, kunamarta laushi kamar me. Amma bakin nan nata yana ta rawa kamar yadda na saba gani, ina kokawa da shi har na gama biyar ɗin. Aka jawo takarda, ga ramuka nan kowanne ya kama gabansa. Sai na ɗauki tsohuwar da hagu. Abin da na ji a lokacin har yau ina jin sa: katakon ya zauna a tafina, kowane yatsa ya sami wurinsa, ba inda ya matse ba inda ya yi sako-sako. Na juya tsayuwata, na ɗaga hannu. Ya yi rawa shi ma, don bai taɓa ɗaukar nauyin ba, amma idona da hannuna wuri ɗaya suke kallo, abin da ban taɓa samu ba. Da aka jawo takarda ta biyu, ba a tsakiya harbin ya sauka ba, ya ɗan karkata ƙasa, sai dai ramukan biyar sun taru wuri ɗaya, murfin kwalba zai rufe huɗu daga ciki.

Baba ya ajiye takardun biyu a gaban kawu. Kawu ya duba wannan, ya duba waccan, ya ce shi dai maganarsa tana nan, baƙar zai cika wa kuɗi, ban da ita ba ruwansa. Nan fa aka bar ni da zaɓi. Na durƙusa a gefen kujerarsa, a gaban Larabawa da Indiyawan da ke wurin, na ce, "Kawu, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Amma ba don ado nake son bindigar nan ba, don in rage wa mahaifina nauyi ne. Ka yi mini izini in ɗauki wadda zan iya ci da ita." Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar.

Ya dube ni. Daga bisani ya ce, "Kuɗinka ne." Ya tashi ya fita ya jira ni a mota. Tun daga Jebel Ali har Hor Al Anz rediyo kaɗai ke ta surutu da Larabci. Ranar na ji babu daɗi ƙwarai, har na riƙa tambayar kaina ko na yi wauta.

Makonni ukun nan na sha wuya. Kafaɗar hagu ta yi tsami, har sai da na riƙa ɗaga kwalbar ruwa cike a ɗaki, ina miƙe hannu ina ƙirga numfashi, abokan zamanmu suna tsokanata wai na fara aikin ba da hannu a titi. Kawu yana gani, bai hana ba, bai kuma tambaya ba. Da safiyar gwaji ina shirin fita neman jirgin metro, sai ya ɗauki makullin mota ya ce yana da kwantena da zai duba a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, in zo ya rage mini hanya. Bai je wata tasha ba. Da na waiga bayan harbi na goma, na hango shi a bayan gilashi, zaune da carbinsa.

Ban zo na ɗaya ba, kada in yi ƙarya. Na huɗu na zo, kuma biyar ake nema. Da aka kafe sunaye na tsaya ina karanta nawa sau uku, sannan na fita waje na kira mahaifina. Da na gaya masa abin da za a rage, sai ya ce Allah ya yi mini albarka, da wata murya da na daɗe ban ji ba. A nan hawaye suka zo mini.

A hanyar komawa kawu ya tsaya ya sayi mandi mai yawa, shinkafa da nama irin ta Larabawa, da muka isa gida ya ce a kira kowa a ci. Muka zauna a ƙasa muka kewaye faranti. Ina kai hannu, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Tsaya. Harbi na yarda, a bar wa hagu. Amma shinkafa da dama." Kowa ya fashe da dariya, har da shi. Ya ƙara da cewa maganar mahaifiyata kuma in bar masa, shi zai yi mata bayani da kansa, kuma ya cika.

Har yau da dama nake ci, da dama nake gaisawa, kuma ban ga laifin waɗanda suka koya mini haka ba. Abin da na koya a ranar shi ne, ƙarancin kuɗina ne ya cece ni. Da aljihuna cike yake, da na sayi mai ƙyallin tun kafin wani ya ce in gwada, in ci gaba da ɗora wa kaina laifin rashin iyawa. Tun daga lokacin, ko aiki ne ko abin saye, ba na fara tambayar wanne ya fi kyau a idon mutane. Sai na riƙe shi tukuna, na ga ko da ni aka yi shi.